Harshen Fa'iza

Shafi na 17

Salamu alaikum, 'yan majalisar gahawa. Na ga saƙonninku. Wata Hajiya daga Anka ta ce in ban ɗora yau ba za ta biyo ni Gummi da muciya. Hajiya, aje muciyar, ga shi.

Mun tsaya inda Fa'iza, ɗiyar ƙanwata marigayiya da nake riƙo, ta kaɓe finjalin gahawa daga hannun baffanta Alhaji Nafi'u, a zaurena, ranar Juma'a bayan la'asar.

*

Finjalin bai fashe ba. Ya gangara har gindin kurfotin gawayi ya kife. Gahawar kuwa ta wanke farar shaddar Alhaji tun daga ƙirji har cinya.

Garwashi kaɗai ke ƙara.

Alhaji Nafi'u ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Ka gani ko, Mamuda? Yau dai ka gani da idonka."

"Na gani, Alhaji. Zamna."

"Ba ni zamnawa! Shekara nawa ina hwaɗa maka yarinyag ga ba ta da lahiya? Kana cewa sanyin hali na, sanyin hali na. Wanga shi na sanyin hali?"

Fa'iza ta maƙure a lungun zaure, ta rungume gwiwoyinta. Abu ɗaya take maimaitawa a hankali, kamar mai jan carbi.

"Kar shi sha. Kar shi sha. Kar shi sha."

Ga waɗanda sunka shigo labarin a tsakiya: Fa'iza tana da shekara huɗu lokacin da gubar dalma ta faɗa ƙauyensu, can wajen Bagega, zamanin da ake dakan dutsen zinari a tsakar gida. Ƙanenta bai tsira ba. Ita ta tsira, amma magana ta yi mata nauyi, ƙirga ba ta wuce goma, makaranta ta gagara. Iyayen sunka rasu ɗaya bayan ɗaya, na ɗauko ta. Yanzu shekararta goma sha tara.

Alhaji ya nuna ta da yatsa.

"Ɗiyar ƙanena ta. Jininmu ta. Riƙo munka ba ka, ba kyauta ba. Motar da tak kawo ni na nan ƙohwar gida. Yau za ni da ita wajen mai magani, bayan Gwashi."

Na san gidan. Na taɓa sauke buhunan gero a ƙofarsa lokacin ina tuƙi. Na leƙa. Na ga mata zaune a rana, an aske musu kai, da marin ƙarfe a ƙafa.

Kuma gaskiya ɗaya ce, dangin uba ke da ɗiya. In ya kafe, ko gaban wa munka je, ni kawu ne kawai.

Malam Andrew ya gyara murya. Abokina ne, mutumin Filato, ma'aikacin asibiti da ya yi ritaya. Shekara talatin yana Gummi, kowa Likita yake ce masa, kuma ba ya fashin gahawar Juma'a ko ana ruwan ƙanƙara.

"Alhaji, a yi haƙuri. A bi abin a hankali."

"Likita, ina ganin girmanka. Maganag gida ta."



Ni kuwa ina kallon yarinyar.

Shekara talatin da huɗu na yi a kan sitiyari, daga nan har Kasala ta ƙasar Sudan, inda na koyo shan gahawa. Boko ban yi ba, amma hanya ta koya min abu ɗaya. Motar da ba ta taɓa ba ka matsala ba, ranar da ta yi wani baƙon kuka, ba zaginta za ka yi ba. Tsayawa za ka yi ka buɗe gaba ka duba.

Yarinyar nan tun da ta zo gidana ba ta taɓa fasa ko ludayi ba. Duk Juma'a tana bakin ƙofa in ina suya. Ita ke wanke finjalai, kuma na sha kama ta tana lasar abin da ya rage a gindi kafin ta tsoma a ruwa.

Ni duk zatona kwaɗayi ne.

Na ce, "Alhaji, ka ba ni tahwasa guda."

"Ta mi?"

"Kai ka ce ba ta da hankali. Ni na ce akwai abin da taj ji ga gahawag ga. Za mu haɗa finjali ukku, kowane da haɗinai daban, ba ta gani ba. In ta hwaɗi abin da ke ciki, ka saurare ta."

"In ta kasa fa?"



"In ta kasa, ni za ni buɗe mata ƙohwar mota."

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Yarinyad da ba ta iya ƙirga yatsun ƙahwarta?"

"Ita."

"Na yarda. Likita, kai na shaida. Kar wani shi zo shina min kuka daga baya."

Na kira mai ɗakina Hannatu, ta ja Fa'iza cikin gida, can kusa da madafa, inda ko motsinmu ba a ji.

*

Buhuna uku gare ni, ƙanana, ba su kai matashin kai ba.

Akwai na Habasha, masu ƙananan 'ya'ya, ba su da kyan gani. Akwai na Mambila, manya masu kauri, waɗanda ɗana Mas'ud ke aiko min daga Gembu inda yake koyarwa. Sai na Yaman, ɗan kaɗan da na yo guzuri a Makka, wanda ba na kwance bakinsa sai da babban dalili.

Andrew ya zaro biro ya yage bayan kwalin magani.

"Ni zan faɗi haɗin, ni zan rubuta. Na farko, Habasha zalla. Na biyu, Mambila hannu biyu, Habasha hannu ɗaya. Na uku, duka ukun."

"Tsaya," in ji Alhaji.

Ya laluba gwangwanin kayan ƙanshina ya ɗauko kanumfari ƙwaya ɗaya. Ya karya shi biyu da farce, ya jefa rabi cikin kashi na uku.

"Rubuta wanga ma. Mu ga ƙarshen wayo."

Na ɗora kasko.

Suyar gahawa ba ta son surutu. Hannu na girgiza kasko, kunne na saurare. Daga kore ta koma ruwan ƙasa, ta fara ƙanshin gurasa, sannan ka ji tas, tas, kamar ana karya tsinke. Daga wannan ƙarar, numfashi kaɗan ne tsakaninka da gawayi.

Na yi suyar nan sau dubu. Amma ranar nan daban ce.

A kasko na biyu hankalina ya tafi ga matan nan masu mari. Hannu ya tsaya na ɗan lokaci. Gefe ɗaya ya ɗan yi duhu. Na juya da sauri, ban gaya wa kowa ba.

Na baza kowane kashi a faifai ya huce.

Turmin ƙarfen da Alhaji ya kawo min tsaraba kwana tara da sunka wuce, wanda na daka gahawar farko ta yau a ciki don in girmama mai kyautar, har lokacin da sauran gari a gindinsa. Don haka na jawo tsohon ƙaramin turmina na itace. In na daka kashi ɗaya sai in goge shi tas, sannan in zuba na gaba.

Jabana uku na jera a kan garwashi. Tulun yumɓu ne ɗan ƙarami mai dogon wuya, da su na dawo daga Kasala a naɗe cikin bargo. Ta taso, in sauke. Ta taso, in sauke. Sau uku. Na toshe bakin kowace da zaren kaba don ya tace gari.

Ba sukari. Ba citta.

Finjali uku a kan tabarma, baƙi ƙirin, tururi na tashi. Ni kaina in an juya min su ba zan rantse da wanne ne wanne ba.

"A kira ta," in ji Alhaji.

*

Ta shigo kanta a ƙasa. Ta durƙusa nesa da baffanta.

Na ce, "Fa'iza, ɗiyata, ba faɗa za a yi maki ba. Ki ɗanɗana waɗanga, ki hwaɗa min abin da kika ji. Yadda kika ji shi."

Ta dubi finjalan. Ta dube ni.

Sai ta miƙa hannu, ba ga finjali ba, ga moɗar ruwa. Ta kurɓa, ta kuskure baki, ta haɗiye.

Andrew ya dube ni. Babu wanda ya koya mata wannan.

Ta ɗauki na farko da hannu biyu. Ta rufe ido. Ta daɗe tana shaƙa, har Alhaji ya fara buga ƙafa. Sannan ta zuƙa kaɗan, da ƙara, fuuut, irin yadda na ga tsofaffin Kasala na yi. Ta riƙe a baki.

"Wanga shi kaɗai na," ta ce. "Ba a haɗa shi da kowa ba."

Andrew ya leƙa kwalinsa.

"Na ƙananan ɗiya na. Da hwari tsami, kamar tsada wadda ba ta gama nuna ba. In ka jira, sai tsamin shi tahi. Shi bar ƙanshi nan."

Ta taɓa karan hancinta.

"Kamar huren lemun tsami da sahe."

Jama'a, shekara ashirin da wani abu ina shan gahawar Habasha. Kullum ina jin wani abu a bayan hancina, ban taɓa samo masa suna ba. Na tambayi Larabawa, na tambayi Habashawa, kowa ya ce daɗi ne kawai.

Furen lemun tsami.

Wallahi shi ne.

Kuma wannan yarinyar ce da in ka aike ta sayen gishiri sai ta tsaya gaban mai tebur kalmar ta ƙi fita. Ga ta nan magana na zubo mata kamar an buɗe famfo.

"Sa'a ta," in ji Alhaji. "Ci gaba."

Ta sake kuskure baki. Ta ɗauki na biyu.

Wannan karon ba ta daɗe ba.

"Nan su biyu na. Na Yaya Mas'ud ya hi yawa."

Ta ɗaga hannunta ta dunƙule, ta buɗe, ta sake dunƙulewa.

"Hannu, da hannu. Shi ƙasa na, in ruwan hwarko ya sauka. Da gyaɗa soyayya. Na ƙananan ɗiya hannu guda. Shina leƙowa ta baya, kamar mai jin kunya."

Andrew ya cire tabarau.

Ta sake zuƙa. Ta ɗan yamutsa fuska. Sai ta buɗe ido ta dube ni, irin kallon da uwa ke wa ɗanta.

"Kawu, ka ji tsoro."

"Ni?"

"Ka bar kasko ya tsaya. Gehe guda ya ƙone kaɗan. Kai ba ka ƙona ta sai ranka ya ɓaci."



"Ya Ubangiji Allah," in ji Andrew a hankali. "Mamuda, haka ne?"

"Haka na."

Na dubi Alhaji. Ya daina buga ƙafa.

Na uku.

Ta shaƙa. Ta zuƙa. Ta riƙe a baki har na ɗauka ta ɓata. A waje direban Alhaji ya danna ham sau biyu.

"Su ukku na," ta ce. "Na Makka na ciki."

Ta rage murya, kamar kar ta tashe shi.

"Shi dattijo na, ba shi ɗaga murya. Sai sauran sun gama tasu, sannan shi yi magana. Dabino busasshe. Ɗacinai irin na aduwa na, da zaƙi kwance ƙarƙashi."

Ta yi murmushi. Na manta rabon da in ga haƙoran yarinyar nan.

"Da kanumfari. Ba guda ba. Rabi."

Biro ya faɗi daga hannun Andrew.

"Wanda yak karya shi ya ci goro, bai wanke hannu ba," ta ƙara.

Mu duka biyu munka juya. Babban yatsan Alhaji ja wur yake da goro. Ya yi maza ya cusa hannun a aljihu.

Andrew ya shimfiɗa kwalin a kan tabarma, ya bi da yatsa layi layi.

"Babu kuskure ko ɗaya. Har abin da ban rubuta ba ta faɗa. Alhaji, na yi aiki da likitoci Turawa da baƙaƙe, na ga na'urori iri-iri. Ban taɓa ganin irin wannan ba."



Na zauna da mashaya gahawa a ƙasashe huɗu. Na ga tsoho a Kasala da ke sansana buhu ya faɗi dutsen da anka noma shi, mutane na sumbatar hannunsa. Ashe wadda ta fi shi tana gidana tana wanke min finjalai, ina ce mata sannu, je ki ciki.

Gubar ta ɗauke mata ƙirga. Ta ɗauke mata karatu. Allah Ya bar mata taga guda, kuma ta tagar nan take hango abin da mu masu ƙofofi a buɗe ba mu taɓa gani ba.

Na ce, "Alhaji, ka ji dai."

Ya zabura ya miƙe.

"Na ji! Ai shi ke nan, kun gama min aiki! Iskoki na!"

"Iskoki?"

"Wane ɗan Adam ka jin hannun mai goro cikin ruwan zahi? Su ka hwaɗa mata a kunne! Dauri ina zaton taɓuwa ta, ashe abin ya hi haka. Ke, tashi mu tahi!"

Ya cafko wuyan hannunta.

Fa'iza ba ta yi kuka ba. Ta dai juyo ta dube ni.

A nan na lura da wani abu.

Na yi hulɗa da dillalai, da 'yan kamasho, da masu tsaron iyaka. Na san idon wanda ya yi mamaki, na san idon wanda ya tsorata. Alhaji Nafi'u ba mamaki yake ba. Zufa ce ke bin gefen hularsa. Kuma tun da anka fara gwajin nan ya dubi kowa, ya dubi komai a zauren, ban da lungu ɗaya.

Lungun da turmin ƙarfe yake.

"Sake ta," na ce.

"Mamuda, ka yi alkawari."

"Na ce in ta kasa. Ba ta kasa ba. Kai kuma ka ce za ka saurare ta. Saura finjali guda."

Jabanar farko, wadda anka zuba wa Alhaji daga cikinta, tana gefen garwashi da sauran ɗumi. Habasha zalla ce ita ma. Buhu ɗaya da finjalin farko na gwaji, kasko ɗaya, ruwan randa ɗaya. Turmi kaɗai ya raba su.

Na tsiyaya. Na aje a gabanta.

Ba ta taɓa ba.

Tururin na isa fuskarta ta ja da baya har bayanta ya bugi bango. Ta toshe hanci da gyale.

"Fa'iza, mi ke ciki?"

"Dutsi."

"Wane dutsi, ɗiyata?"

Maganar ta koma mata yadda take da, guntu-guntu.

"Dutsin Baba. Wanda aka dakawa tsakar gida. Ƙura. Shina shiga tuwo. Shina shiga hura. Shina kan harshe kamar ka tsotsi kwabo."



"Abdussamad ya sha. Sai ya daina tahiya. Sai ya daina ganina."

Abdussamad shi ne ƙanen nata. Shekararsa biyu.

Andrew ya tashi. Ya kinkimo turmin ya kai bakin ƙofa inda rana take. Ya juye sauran garin a ƙasa. Ya ciro makullin babur ɗinsa ya kankare gindin turmin, can cikin ƙananan ramukan da duka ya bari.

Ya ɗago makullin.

Wani gari ne a bakinsa, ba baƙi ba, ba ja ba. Toka-toka, yana ɗan ƙyalli.

"Ba zan rantse ba sai an kai gwaji," ya ce. "Amma wata takwas na yi a aikin kwashe ƙasa mai guba a ƙauyukan nan. Irin waɗannan turamen muka bi gida-gida muka tara, muka haƙa rami muka binne. Alhaji, a ina ka samo shi?"

"Kasuwa."

"Wace kasuwa?"

"Kasuwa dai! Yanzu tuhumata kuka yi? Kan maganar mahaukaciya?"

Na ɗauki finjalin. Na tashi. Na miƙa masa da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babban baƙo.

"To, Alhaji. Bisimilla."

Ya dubi finjalin.

"In hauka ta, gahawa ta kawai. Habasha ta, mai kyau, da hannuna nis soya. In iskoki na, ai ba su shiga finjali. Sha. Kana shanyewa, ga ta ga mota."

Ya karɓa.

Wallahi ya karɓa, don Alhaji Nafi'u mutum ne da ba ya son a ga bayansa. Ya ɗaga har gemu.

Ya kai leɓe.

Fa'iza ta ce, "Baffa, kar ka sha."

A hankali ta faɗa. Mutumin da ke shirin kai ta a sa mata mari.

Hannunsa ya sauko. Ya aje finjalin a ƙasa. Ya zauna a kan tabarma.

"Na wanke shi," ya ce. Muryar ba tasa ba ce. "Wallahi na wanke shi, Mamuda. Da toka, da yashi, da sabulu. Sau ukku."

"Na wa na?"

"Na ƙanena na. Na ubanta."

Fa'iza ta runtse ido.

"Ranad da masu kwasar ƙasa sunka zo tara turame, nij jehwa shi cikin rumbu nir ruhe da ƙaiƙayi. Ƙarhe mai kyau. Shi kaɗai ƙanena yab bari mai daraja. Ƙaƙa za ni bari a binne shi kamar mushe? Shekara goma sha biyar shina nan, ban taɓa shi ba. Nij ji kullum kana cewa kana son turmin ƙarhe irin na Sudan. Nic ce ai zuwa yanzu abin ya mutu."

"Dalma ba ta mutuwa, Alhaji," in ji Andrew. "Kuma sabulu ba ya fitar da ita daga ramin ƙarfe. Mun faɗa muku. A kowane masallaci mun faɗa."

Na ce, "Kyauta kay yi, na yarda. Ba ka nuhe ni da sharri ba. Amma amsa min guda. Da tak kaɓe finjalin, ka gane?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka gane, Alhaji. Tun tana cewa kar shi sha, ka gane. Amma ka gwammace a aske mata kai da a ce kai kak kawo."

Ya rufe fuska da babbar riga. Kafaɗunsa na motsi.

Na leƙa ƙofar gida. Direban na jingine da mota yana cin rake.

"Malam, tada motarka. Babu fasinja yau. In Alhaji ya huta, ni za ni sa shi mota."

Na dawo na durƙusa gaban Fa'iza. Ni, da furfurata. Ban san abin da ya sa ba, gwiwar ce ta yi da kanta.

"Ɗiyata, ki yahe min. Daga yau ba a ɗora kasko gidan ga sai kina zamne kan tabarma. Abin da kika ce a sha, shi za a sha. Abin da kika ce a zubar, ko na Makka na, a zubar."

Hannatu ta shigo da tiren dabino da ruwa, ta tsaya a bakin ƙofa tana raba ido, ba ta san me anka yi ba.

Na sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Allah Ya tsare. Yau nif fara daka ciki, kuma ba wanda yak kai baki."

Fa'iza ta girgiza kai.

"Ba yau anka hwara ba, Kawu."

"Kamar ƙaƙa?"

"Inna ta ɗauke shi ran Lahadi. Kana kasuwa."

Na juya. Hannatu ta dubi turmin da ke kife a bakin ƙofa, ta dube ni.

"Malam, lahiya? Aro nay yi, na maido. Namu na itace ba shi niƙe kimba da kyau, wanga kuwa nan da nan."

"Mi kika daka?"

"Yaji."

"Wane yaji, Hannatu?"

"Yajin jego mana. Na Husaina."

Husaina ita ce autarmu. Tana aure a Bukkuyum. Kwananta goma sha biyu da haihuwar fari, tana shayarwa.

"Na hwaɗa ma Inna akwai dutsi," in ji Fa'iza. "Tac ce in tashi in ba ta wuri."

Tiren ya kuɓuce. Dabino ya watsu har cikin garwashi.

Andrew ya riga ni zaro waya, amma ba shi da lambar. Na fizgo tawa. Yatsana ya ƙi samun sunan. Na samu. Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Sau uku.

Anka ɗauka. Ina jin kukan jariri a bayanta.

"Salamu alaikum, Baba!" in ji Husaina, bakinta cike da abinci. "Yanzun ga nike zancenku. Ka ce ma Inna ta ƙaro yajin ga, kwalbar hwarko ta ƙare tun jiya."